Adda Fati da Gonar da Babu Laka

Ruwan kogin Logone ya shiga gonar Fati ranar Talata, ya shiga ɗakinta ranar Alhamis. Ranar Asabar tana cikin motar Garoua da ƙullin kaya biyu da tukunyar ƙarfe ɗaya. Shekarunta hamsin da shida, talatin da ɗaya daga ciki a Yagoua ta yi su tana noman shinkafa, da farko tare da mijinta, bayan rasuwarsa kuma ita kaɗai. 'Ya'yanta biyu mata ne, suna gidajen mazajensu, ita kuwa ba ta iya zaman gidan suruki ba. Don haka ta nufi unguwar Roumdé Adjia a Garoua, gidan da aka haife ta, inda ƙaninta Shu'aibu ke zaune da matarsa Mairamu.

Shu'aibu ya karɓe ta da kyau, wannan kam ba za ta ci haƙƙinsa ba. Ya sa an share mata ɗakin marigayiya innarsu, ya sayo sabuwar katifa, ya yi ta maimaita "Allah ya mayar da alheri, Adda" har ta gaji da amsawa. Yana da shaguna biyu na kayan gyaran babur a kasuwa. Ya ajiye tumbi, hannuwansa sun yi laushi kamar na mai jego. Fati ta dubi hannuwan lokacin da yake miƙa mata kofin shayi, ta kau da kai.

Kwana na biyu, bayan la'asar, suna tsintar wake ita da Mairamu a tsakar gida, sai ta ji carar zakara daga falo. Jim kaɗan kuma ta ji kukan saniya.

"Mairamu, dabbobi kuke ajiyewa a falo?"

Mairamu ta yi dariya ba tare da ta ɗago ba. "Maigidan ne ya tafi gona, Adda. Leƙa ki gani."

Ta leƙa. Shu'aibu na kishingiɗe a kan kujera, fanka na kaɗa shi, ga kwamfuta a cinyarsa an jona ta da talabijin. Kusa da shi wani siririn dattijo ne mai tabarau, da littafin rubutu a gwiwa da biro a bayan kunne. A cikin talabijin wani ɗan mutum ne kamar 'yar tsana, da malafa a kansa, yana tafe yana tsiyaya wa wasu korayen abubuwa ruwa da buta.

"Shigo, Adda, ki ga noman zamani," in ji Shu'aibu. "Wannan abokina ne, Mushe Dieudonné. Akawu ne, ya yi ritaya. Shi ya koya mini."

Dieudonné ya miƙe ya gaishe ta da Fulatanci, sannan ya yi mata jaje da Hausarsa ta kasuwa. Ta amsa a taƙaice. Idonta na kan ƙafafun ɗan mutumin nan. Ya yi ta yawo a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, amma takalminsa tas yake.

Shu'aibu ya shiga yi mata bayani kamar mai karantar da 'yar firamare. Wasa ne: a ba ka fili, ka sayi iri, ka shuka, ka yi ban ruwa, ka girbe ka sayar. Shekarar cikinsa kashi huɗu ce irin ta ƙasar Turawa, kowane kashi kwana talatin, kowace rana kuwa ba ta wuce minti goma a agogon bango. Kowane kashi da irin abin da ke fitowa a cikinsa. Ranar da kashin ya ƙare, duk abin da bai nuna ba sai ya bushe a tsaye.

"Gwanintar duka a zaɓen iri take," in ji shi. "Ga shi gobe printemps, kashin farko, zai shiga. Tun jiya muke gardama. Ni na ce fraise, shi ya ce chou-fleur, farin kabeji."

"Mene ne fraise?"

"Wani ɗan itace ne ja, mai tsada."

"Ka taɓa ci?"

"Na taɓa jin ɗanɗanonsa a yawur, kindirmon nan na kanti."

Fati ta dube shi, ta dubi dattijon mai littafi, ta koma wajen wakenta. Manyan mutane biyu, ɗaya da furfura ɗaya da tumbi, suna ta da jijiyar wuya a kan abin da ko sau ɗaya bai taɓa shiga bakinsu ba. Ita ta baro shinkafarta ta fara ɗaukar ciki, ruwa ya shanye ta har ba a ganin ko kan ganye. Ta dai yi tsaki, tsakin da ya sa Mairamu ta ɗago.

Babansu, Malam Sulaimanu, ya bar gona a bayan garin Pitoa, cikin kwarin Binuwai. Baƙar ƙasa ce mai riƙe ruwa, wadda Fulani ke kira karal. In ruwan damina ya janye a watan goma, ana dasa masakwa a cikinta, dawar rani da ba ta neman ko ɗigon ruwan sama, danshin da ƙasa ta ɓoye ya ishe ta. Ba a taɓa raba gadon ba. Shekara tara ke nan rabon da a sa wa gonar ƙarfe. Fati ta kwana bakwai tana cin tuwon ƙaninta, a na takwas ta ji ba za ta iya ba. Ta same shi a falo, shi da abokin nasa.

"Shu'aibu, zan dasa masakwa a gonar Baba. Ruwa ya kusa janyewa. In na yi sauri zan samu dashe a ƙauye."

Bai ɗauke ido daga talabijin ba. "Haba, Adda. Ki huta mana. Akwai projet, wani babban aiki, da nake shiryawa a kan filin nan. Sai an gama étude, wato bincike, tukuna."

"Shekara nawa kana étude ɗin?"

"Ba za ki gane ba. Masakwa abincin tsoffi ne, ba ta kawo komai. Noma yanzu lissafi ne, ba ƙarfi ba. Ku kun yi shekara talatin kuna tiƙar wahala, ga inda kuka ƙare."

Dieudonné ya sunkuyar da kai cikin littafinsa. Fati ta ji maganar ta sauka a ƙirjinta, amma ba ta bari ta fito a fuskarta ba.

"Kai ne mai lissafin ke nan."

"Ga shi kina gani. Shekara huɗu na yi a gonar kwamfutar nan, ban taɓa faɗuwa ba." Ya yi dariya, sai kuma wata dabara ta faɗo masa, ya gyara zama. "Bari mu yi haka. Été, kashi na biyu, zai shiga. A buɗe miki fili daidai da nawa, iri ɗaya, jari ɗaya. Ki zaɓi abin da za ki shuka, Mushe ya riƙa danna miki. In kika fi ni girbi, ki je ki dasa masakwarki."

Abin ya ba ta haushi ƙwarai, wai sai ta ci wasan yara kafin a bar ta ta taka ƙasar ubanta. Tana iya zuwa wajen liman, tana iya tara dangi, amma kafin a gama zaman sulhu ƙasa ta bushe, shekara ta wuce. Ta ce ta yarda.

Ta ƙi zama a kan kujera. Ta shimfiɗa tabarma a gaban talabijin, Dieudonné na karanta mata sunayen iri da Faransanci yana fassarawa. Masara, tumatir, barkono, wake, kankana. Ta yi yadda ta saba yi tun tana amarya. Ta ce a sa masara a tsakiya, wake a tsakaninta, barkono a gefe, tumatir kaɗan kusa da rijiya. Ta hana a shuka duka ranar farko, don ruwan fari yakan yi yaudara. Ta bar kashi ɗaya na iri a ajiye saboda tsaro. Da aka yi girbi ta ce a zuba rabi a rumbu, ba mai sayar da abincinsa kaf sai wawa.

Yammaci uku aka yi ana abu ɗaya. Da kwana talatin ɗin suka cika, abin da ta samu bai kai kashi ɗaya cikin uku na Shu'aibu ba.

Ya yi dariya har da buga cinya. Ya kira Mairamu ta zo ta gani. Washegari ya kai labarin kasuwa, ya ƙara masa gishiri. Ranar Juma'a Fati ta je sayen kifi, mai kifin ta dube ta ta ce, "Ke ce Addar Alhaji Shu'aibu? Manomiyar da kwamfuta ta kayar?" Fati ta biya kuɗin kifinta ta juyo, kunnuwanta na zafi har gida.

Ranar Asabar Dieudonné ya riga Shu'aibu isowa. Yana zaune a falo yana jira, sai ta shigo ta tsaya a kansa.

"Mushe, zan tambaye ka. A ƙasar nan taku, ruwa yana ƙin zuwa?"

"A'a, Hajiya. In ba a yi ruwa ba, rijiya ba ta ƙafewa."

"Yana yin yawa ya ci gona?"

"Ba ya yi."

"Tsuntsu fa? Fari? Shanun makiyaya?"

"Akwai hankaka. In ka kafa mutum-mutumi ɗaya, shi ke nan, ba ya sake zuwa."

"In kowa ya kawo tumatir kasuwa rana ɗaya, farashi yana faɗuwa?"

"Ba kowa. Kai kaɗai ne manomi a garin. Farashi ɗaya ne kullum."

"Ɗan mutumin nan, daga rumbun yake ci?"

"Ba ya jin yunwa. Gajiya kawai yake yi, ya kwanta ya tashi garau."

Fati ta yi wata 'yar dariya da ba ta daɗi ba.

"Ashe ni ce wawuya. Na shiga ƙasar da ba abin tsoro, na yi ta jin tsoro. Wannan ai gonar marasa hankali ce, Mushe. Wanda bai taɓa kwana da yunwa ba shi zai ci."

Dieudonné ya cire tabarau yana gogewa. Ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, ya fasa. Ta ɗauka kunya ce ta kama shi, ta ji ya ƙara faɗuwa a idonta.

Da Shu'aibu ya dawo ta ce a sake. Ya ce ai magana ta ƙare. Ta ce a gaban matarsa, "To ka ce tsoro kake ji." Mairamu na bakin ƙofa da tire a hannu, ta ƙi tafiya. Shu'aibu ya ce a buɗe mata fili, automne, kashi na uku, ne zai shiga, ta zo ta ƙara shan kunya.

Wannan karon ta sa Dieudonné ya karanta mata kowane iri da kwanakin nunarsa, a hankali, sau biyu. Kabewa ce mafi tsada, kwana goma sha huɗu take yi, girbi ɗaya a tuge ta. Yalo ba shi da tsada, amma yana nuna a kwana bakwai, kuma in an tsinke sai ya sake bayarwa duk bayan kwana huɗu. Ta ƙirga a gaɓoɓin yatsunta. Bakwai, sha ɗaya, sha biyar, sha tara, ashirin da uku, ashirin da bakwai.

"Yalo," in ji ta. "Sayi da duk abin da ke aljihun. Kada ka bar ko dala. Cika filin daga wannan katanga zuwa waccan, yau ɗin nan."

"Duka, Hajiya?"

"Duka. Ai ba mai mutuwa."

Tana faɗa tana jin ƙyamar abin a bakinta. Da a Yagoua wani ya yi haka, da dattawa sun je sun zauna da shi.

Shu'aibu ya zaɓi kabewa, abin manya. Ya ce zai shuka sau biyu ya binne ta da ita da yalonta. Amma ranar farko ya tsaya yi wa katangar gonarsa fenti, rana ta biyu ya tura ɗan mutuminsa wani biki da ake yi a garin cikin wasan, don ana rabon hula. Sai rana ta uku ya shuka. Fati ta lura, ta ƙirga, ta ja bakinta ta yi gum. Ta ga Dieudonné ma ya rubuta wani abu a littafinsa ya rufe.

A yammaci na biyu aka yi ruwa a cikin wasan. Ruwa ne siriri mai ladabi, yana sauka a jere, yana jiƙa kowace shuka daidai gwargwado. Ɗan mutumin ya shiga ɗakinsa, ya hau gado, aka nuna wuta na ci a murhu, ƙasan ɗakin a bushe. Fati ta tuna yadda ta tsaya a nata ɗakin ruwa na dukan gwiwarta, tana ɗora buhun iri a kan kanta, tana kallon bangon gabas yana narkewa. Ta tashi ta fita tsakar gida, ta tsaya a gindin dalbejiya har abin ya sake ta. Da ta dawo Shu'aibu ya ce, "Har kin karaya, Adda?" Ta koma kan tabarmarta ta zauna.

Ya girbe kabewarsa ran sha bakwai, ya sake shukawa yana waƙa. Ran talatin kabewar ta yi manya-manya, kore shar, saura ƙiris. Ɗan mutumin ya kwanta. Da gari ya waye a talabijin, komai ya yi fari fat da ƙanƙara, gonar Shu'aibu kuwa ta zama busassun tsinkaye daga farko har ƙarshe.



"Uku da sha huɗu, sha bakwai," in ji Fati. "Sha bakwai da sha huɗu, talatin da ɗaya. Watan naku kwana talatin ne. Kai ne mai lissafi."

Girbinta shida ya ninka nasa ɗaya har da ɗoriya. Shu'aibu ya ce kwamfutar ce ta yi nauyi. Ya ce an ɗauke wuta ran nan, ta ci masa rana guda. Ya ce Dieudonné ya taimake ta. Mairamu ta ce daga bakin ƙofa, "Maigida, ni dai a gabana ka yi alkawari." Ya harare ta, sannan ya ce to, Adda ta ari filin na bana, kafin projet ya tashi.

Fati ta naɗe tabarmarta. "Ba aro nake ba. Gonar ubana ce."

Ta sayar da 'yan kunnenta na zinariya, abin da ya rage mata daga kayan aure. Ta ɗauki mutum huɗu daga ƙauyen da ke kusa da gonar, suka sare ciyawar shekara tara, suka bari ta bushe, suka sa mata wuta. Ta sayo dashe dami-dami wajen wata tsohuwa, ta zauna a inuwa tana datse kan ganye da bakin saiwa. Ƙasar ta fara tsagewa a sama amma ƙarƙashinta laka ce mai kama ƙafa, in ka ɗaga sai ta biyo ka. Fati ta ji bayanta na ciwo, ta ji daɗin ciwon.

Rana ta biyu ta dashe, da hantsi, sai ga babur ya tsaya a bakin gona. Dieudonné ne, da tsohon wando da takalmin roba. Fati ta miƙe ta riƙe ƙugu.

"Mushe, ka yi ɓatan hanya? Nan ba fanka."

"Na zo in gani ne, Hajiya."

"To gani kyauta ne. Ka tsaya can kada ka taka mini rami. Nan in ka faɗi ba a sake kunnawa."

Ma'aikatan suka yi dariya. Dieudonné bai yi fushi ba. Ya tsaya yana kallon wanda ke huda ramuka da doguwar sanda mai tsinin ƙarfe. Can ya ce da mutumin da Fulatanci, "Kana matse su da yawa. Ƙasar nan ba za ta ɗauka ba." Ya miƙa hannu, mutumin ya ba shi sandar don a ƙara yin dariya.

Ya ɗaga ta da hannu biyu, ya sake ta da nauyinta, ya murɗa, ya zare. Ya yi taku biyu, ya sake. Ramukan suka fito a miƙe kamar an ja igiya, zurfinsu ɗaya. Da ya kai ƙarshen layi ya dawo ya ɗauki gwangwani, ya tsiyaya ruwa a ramin farko daidai yadda ake so, ya ɗauki dashe biyu ya zura, ya bar bakin ramin a buɗe. Ba wanda ya yi dariya.

Da rana ta take suka zauna a gindin ƙaya, ta miƙa masa kunu a kwanon sha. Hannuwansa sun yi bororo biyu, ɗaya ya fashe.

"A ina ka koya?"

"A bayan dutsen Mindif aka haife ni. Karal ɗin babana ya fi wannan sau uku. Tun ina shekara bakwai nake bin sa da gwangwani." Ya kurɓi kunun. "Shekarar tamanin da huɗu ruwa bai zo ba. Ƙasa ba ta sha ba, ba abin da za ta riƙe. Muka dasa duk da haka, sau biyu. Ya bushe muna kallo. Muka ci irin. Ƙannena biyu ba su kai damina ba, babana ya bi su. Ni na zo Garoua da ƙafa, na rantse ba zan sake taɓa sandar nan ba. Shekara talatin da takwas ban taɓa ba."

Fati ta dubi layin da ya huda.

"To me ya kai ka wasan yara?"

"Ranar nan kin ce gonar marasa hankali ce. Gaskiya kika faɗa. Ni na san ƙarya ce, na fi Alhaji sani. Amma a can, abin da na shuka yana fitowa. Kullum yana fitowa. Ina son in ga haka, ko da a gilashi ne."

Ta karɓi kwanon ta ƙara masa kunu. Ba ta ba shi haƙuri ba, ba halinta ba ne. Ta ce kawai, "Gobe ka zo da safe. Wancan ba ya iya huda."

Ya zo gobe, ya zo jibi, har aka gama. Shu'aibu ya zo sau ɗaya, cikin farar shadda, a motarsa. Ya sauke gilashi, ya ɗauki hoto da waya, ya ce rana ta yi yawa. Ya shawarce su da su kafa mutum-mutumi. Fati ta juya masa baya ta ci gaba da aikinta har ta ji tashin motar.

Masakwar ta kama. A watan ɗaya shanu suka shiga ta gefen kudu suka ci layi goma sha biyu kafin a kore su. Da ta fitar da kai, tsuntsayen jan-baki suka sauko garke-garke, Fati ta yi sati uku tana wuni a gona tana kaɗa gwangwani da ihu har muryarta ta dishe. Tsuntsayen suka ɗauki nasu. Abin da ya rage, da aka sussuka a watan biyu, buhu goma sha huɗu ne, fari tas, ƙwaya manya. Ta aika biyu gidan Dieudonné, matarsa Suzanne ta zo da kanta ta yi godiya. Ta sauke uku a ɗakin girkin Mairamu. Sauran ta jibge a ɗakin innarsu, tana kwana kusa da su.

Shu'aibu ya daina wasan noma tun faɗuwar kabewa, ya koma wani na tuƙin manyan motoci. Amma a kasuwa labari ya sauya. Yanzu cewa yake ya gwada masakwa a filinsa don ya ga ko ƙasar na da kyau, kuma lissafinsa ya fito daidai.

Wata Laraba da hantsi ya shigo gida da wata mata mai jaka da takardu, Madam Georgette, daga wata ƙungiya mai raba wa manoma injin ban ruwa. Ya kai ta har ɗakin innarsu ya nuna mata buhunan, ya dafa ɗaya da tafin hannunsa ya ce a ɗauke shi hoto. Fati na zaune a ƙofar ɗakin tana tankaɗe.

Madam Georgette ta buɗe takarda ta fara tambaya. Wace rana aka dasa? Shu'aibu ya ce wajen watan tara ko goma. Tazarar rami nawa? Ya ce daidai misali. Wane irin masakwa ne, fara ko ja, mai lanƙwasa kai ko mai tsayuwa? Ya dubi buhun kamar an rubuta a jiki.

"Mai lanƙwasa kai ce," in ji Fati, ba ta daina tankaɗe ba. "Ran sha tara ga watan goma aka fara, aka gama ran ashirin da shida. Taku biyu tsakanin rami da rami. Dashe bibbiyu."

Matar ta juyo ta dube ta, ta dubi tafin ƙafarta da ya tsattsage, ta dubi takalmin Shu'aibu.

"Mama, wa ya yi noman nan?"

"Adda ce ta kula da ma'aikata," in ji Shu'aibu da sauri. "Ni ne dai mai tsarin."

Madam Georgette ta ja layi a kan abin da ta fara rubutawa. Ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna a gaban Fati, ta ɗora takardar a gwiwa.

"Sunanki, Mama?"

"Fati Sulaimanu."

"Injin in ya zo, wa zai karɓa?"

"Ni. In ba na nan, akwai wani Mushe Dieudonné, zan ba ki lambarsa."

Shu'aibu ya tsaya a tsakar gida da waya a hannu. Ya ce yana da baƙi a shago, ya fita. Matar ta ci gaba da tambaya, Fati na amsawa ɗaya bayan ɗaya, har Mairamu ta kawo musu ruwa ta zauna ita ma tana saurare.